Gwajin Mai Fenti

Mai Fenti ba ya shafa wa bangon kowa launi sai ya gwada a lungu. Bayan ƙofa, ko inda za a jingina kabad, nan yake goga burushi faɗin tafin hannu, ya bar shi ya kwana, washegari ya dawo ya ga ko ya kumbura ko ya ɓare. Masu gida su yi ta ƙorafin nawarsa, shi kuwa ko a jikinsa. Mutum ne da bai yarda da abin da aka rubuta a jikin gwangwani ba, kuma yana da hujja. Maigidan da ya koya masa sana'a tari ne ya yi ajalinsa, tarin da ya kwasa wajen shaƙar tina, ruwan sirka fenti, a rufaffun ɗakuna. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

To, sai Allah ya ba shi 'ya zabiya, fara sol, mai gashi kamar zaren auduga da baki kamar rediyo. Kowa 'Yar Baba yake ce mata, shi kuma Uwata. Da ta isa shiga makaranta, aka ba su man kariya daga rana a asibiti, aka ce a riƙa shafa mata kullum kafin ta fita. A makon ne yayar Mai Fenti ta turo masa wani saƙon murya da ke yawo a waya, inda wani mutum mai murya irin ta masana yake rantsuwa cewa irin wannan mai ratsa fata yake yi ya shiga jinin yara. Mai Fenti ya juya robar man, ya ga sunayen sinadarai an jera kamar a bayan gwangwanin fenti, gabansa ya faɗi. Ya ɗora ta can saman kabad inda hannun kowa ba ya kaiwa sai nasa.

Matarsa tela ce, ta ɗinka wa yarinyar riguna masu dogon hannu da hula mai faɗin baki. Amma ta gaya masa gaskiya, hula ba ta zama a kan yaro mai gudu. Sai ya ce to a daina gudun. Da ƙafarsa ya je ya roƙi malamar ajin kada ta bar ta fita lokacin wasa. Haka 'Yar Baba ta zama mai gadin jakunkuna, tana leƙen tsallen igiya ta taga.

Da mitar matarsa ta ishe shi, ya ce zai gwada man, kamar yadda yake gwada komai. Kowace safiya ya lafta wa hannunsa na hagu, ya bar na dama haka nan, ya hau tsani yana fentin bayan wani bene a tsakiyar rana. Abokan aiki suka samu abin yi. Wannan ya ce ango ya sha ƙamshi, wancan ya tambaya ko ɗaya hannun kishi yake yi. Ya share su. Da yamma yakan jera hannuwan biyu a kan gwiwa yana dubawa, fuska a murtuke, kamar alƙali. Hagu baƙi, dama baƙi. Babu ƙurji, babu ƙuna, babu komai.

Matarsa ta ɗago daga keken ɗinki ta dube shi, dariya na neman ƙwace mata.

"Malam, kai da rana ai tun kana yaro kuka saba. Ka gwada fenti a ƙarfe, sannan ka ce ka san abin da zai yi wa katako?"

Ya san gaskiya ta faɗa, shi ya sa ma abin ya ba shi haushi. Ya ce tunda gwajin bai nuna komai ba, man ya ci gaba da zama inda yake.

Wata la'asar ya dawo daga aiki, ya tarar da 'Yar Baba zaune shiru a bakin ƙofa, abin da ba halinta ba. Ya ɗora hannu a ƙeyarta kamar yadda ya saba, sai ta zabura ta ja numfashi ta haƙora. Ya janye wuyan rigar a hankali. Bayan wuyanta ya yi ja zur, ga bororo ya tashi har saman kunnuwa. Ashe an rasa mai riƙe igiya ne, ta sulale ta fita, hular ta faɗi a tsallen farko, ita kuwa daɗi ya hana ta ɗauka. Ta ɓoye wa uwarta, ta yini da raɗaɗin.

Ya tambaye ta me ya sa ba ta faɗa ba. Ta sunkuyar da kai.

"Na ji tsoron kar ka ce na daina zuwa makarantar ma."

Mai Fenti ya zauna a ƙasa kusa da ita da kayan aikinsa a jiki. Tausayi ya kama shi, kunya ta fi tausayin yawa.

Da safe suka tafi asibiti su uku, robar man tana aljihunsa. Ya zaci likitar za ta yi masa faɗa, sai ta wanke ciwon tukuna, ta saurari saƙon yayarsa har ƙarshe ba ta katse ba. Ta ce tambayarsa ba ta wauta ba ce, akwai sinadaran da har yanzu ake bincike a kansu, kuma ba za ta ce masa ta san komai ba. Amma abin da rana ke yi wa irin wannan fata ba a waya ta ji shi ba. A kujerar da yake zaune take ganin abin, manyan mutane da gyambo a kunne da leɓe, wani lokacin har ya zama ciwon daji, kuma tun ƙuruciya ake tara shi.

"Ɗaya wataƙila ne," in ji ta, "ɗaya kuma ga shi a wuyan 'yarka."

Ta canza musu wani iri mai kauri, wanda ta ce yawancinsa a saman fata yake zama. Ta ce in ciwon ya warke a fara ɗiga kaɗan a cikin dantsen yarinyar a ga ko zai tayar da ƙurji, in bai tayar ba a ci gaba, hula da dogon hannu kuma suna nan daram, a kuma ƙara shafawa kafin a fita wasa. Matarsa ta kalle shi ta gefen ido, ya yi kamar bai gani ba.

Wuyan ya warke, dantsen bai yi komai ba. Ran da za a fara, bai bar wa kowa aikin ba. Ya tsayar da 'Yar Baba tsakanin gwiwoyinsa, ya bi goshi, ya bi karan hanci, ya naɗe kunne ya shafa bayansa, ya bi tsagar kitso da ɗan yatsa, ya juya ta ya dubi ƙeya a haske ko ya bar wani wuri. Tana ta tsalle-tsalle tana cewa za a kaɗa ƙararrawa, yana cewa tsaya Uwata, saura nan. Tsoron bai bar shi ba, yana nan a ƙirjinsa. Ya dai raka ta har aji, ya miƙa wa malama robar, ya janye roƙonsa na farko da bakinsa.

Ranar bai yi aikin kirki ba, ya dawo gida da wuri. Yana wanke burushi a tsakar gida ya jiyo kukanta tun daga kan titi. Ya watsar da bokitin ya yi waje, uwar na biye da shi da almakashi a hannu. Ya kama ta ya duba wuya, ya duba kunne, ya duba kumatu, duk lafiya lau. Sai ta ɗaga masa ƙafa. Gwiwa ce ta goge, ga ƙasa ga ɗan jini, riga ta yi buɗu-buɗu, wai wata ce ta ture ta suna tsere, alhali ita ce a gaba.

Uwar ta buɗe baki za ta yi faɗan rigar, ta fasa. Mai Fenti ya durƙusa a bakin titi yana hura mata gwiwar, idonsa ya cika.

"Baba, da zafi fa," ta ce cikin shessheƙa.

"Na sani, Uwata. Gobe ki fi ta gudu."