Yatsun Roba a Akwatin Darwis

Godiya ta tabbata ga Allah, Masanin abin da idanu ke gani da abin da ya ɓuya gare su. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Manzonsa, da alayensa da sahabbansa. Ya Allah, Ka daidaita harshen mai ba da labari, Ka tsare shi daga ƙari da ragi. Bayan haka:

A garin Katanning, can wata ƙasar Turawa a kudancin duniya inda Disamba ke zama lokacin zafi, wata Asabar da hantsi cikin zafin Disamba, Alhaji Minhat ya shimfiɗa tsofaffin jaridu a barandar gidan yayansa, marigayi Darwis. Ya jera kwanoni uku na ruwa, sannan ya jawo wani baƙin akwati gabansa. Rohaya, matar marigayin, wadda ba ta daɗe da fita takaba ba, tana zaune a bakin ƙofa tana lura da shi.

Shekara talatin Darwis ya yi yana aiki a mahautar tumaki ta garin. A ranakun hutu kuwa ɗan dabo ne, yana wasa a makarantu da gidajen biki da gidan kula da tsofaffi. Minhat shi ne ya bi hanyar karatu, yana koyar da Alƙur'ani a masallaci. Yawancin wasannin yayansa ya daɗe da gano kansu da hankali, ya san rufa-ido ne da saurin hannu. Guda ɗaya ne ya gagare shi. Darwis yakan naɗe hannun riga har gwiwar hannu, ya cusa jan hankici na siliki cikin dunƙulen hannunsa, ya buɗe tafukansa biyu, babu komai. Sau uku Minhat ya tambaye shi, sau uku yana dariya yana cewa, "Mu 'yan dabo ba ma faɗa, ko da limami ne ya tambaya."

Wani tsoho ya taɓa raɗa wa Minhat cewa kakansu, tun danginsu suna can tsibirin da suka yi ƙaura daga gare shi, yana hulɗa da mutanen ɓoye, kuma Darwis ne ya gaje shi. Bai gaskata ba, bai kuma iya mantawa ba. Tun ranar jana'iza, duk sanda ya ɗaga hannu zai roƙa wa yayansa gafara, sai tambayar ta tare masa addu'ar: dabo ne, ko sihiri? Da Rohaya ta ce za ta ba wata ƙungiyar 'yan dabo ta birnin Perth kayan, masu zagaya asibitoci suna faranta wa majinyata rai, sai ya ce a bari ya wanke su tukuna. A ransa kuwa ya ƙudurta cewa idan ya tarar da laya ko wani baƙon rubutu, wuta zai sa wa akwatin.

"Kada ka murɗe ƙwallayen soson nan, Alhaji," in ji Rohaya. "Ba hanjin rago ba ne. Matsa su a hankali cikin ruwan ɗumi."

"Yaya, shekarata sittin da biyu. Na iya wanki."

"Matarka ba haka ta gaya mini ba."

Ya yi murmushi, ya bi umarni. Jajayen ƙwallayen suka saki dauɗa har ruwan ya koma kamar na kududdufi. Ya ɗauko wasu ƙwai na roba guda huɗu, waɗanda rinin siliki ya yi musu ja a gefe, ya goge su da tsohon buroshin haƙori da sabulun wanke-wanke. Ta ce a shanya su a inuwa, domin rana tana sa roba ta tsattsage, in sun bushe kuma a barbaɗa musu hoda kada su manne da juna. Kowane abu ya ɗauka sai ya jujjuya shi, ya leƙa cikinsa, ya ƙwanƙwasa. Ya sami kofi mai gindi biyu, da sanda mai shigewa cikin kanta. Ya sami hankicin ma, a ninke, ya ɗaga shi ga haske bai ga komai ba sai siliki.

Rohaya ta tashi ta shiga ɗora shayi. A lokacin ne ya ga wani ɗan gwangwanin alewa a kusurwar akwatin. Ya buɗe. Manyan yatsun hannu ne guda shida a jere kan auduga, kowanne da farcensa. Ya ambaci sunan Allah, ya taɓa ɗaya. Ashe roba ce, mai rami a ciki kamar hula. Dukkansu sun yi duhu, wani ya fi wani, suna kuma wani ɗan wari. Bai san amfaninsu ba, amma ya ce a ransa gumin shekaru ne ya dafe su haka. Sabulu bai fitar ba. Sai ya tsiyaya bilic, ruwan nan mai cire tabo da launi, a kwano na uku, ya zuba biyar a ciki, ya riƙe na shida yana nazarinsa.

Kafin ta fito da tire, biyar ɗin sun yi fes, sun koma launin cikin kunnen ɗan rago.

Rohaya ta ajiye tiren, ta daɗe tana duban kwanon.

"Alhaji, ka wanke mini aikin shekara ashirin."

"Datti ne, Yaya."

"Ba datti ba ne. Launin hannun yayanka ne." Ta zauna. "Daga birnin Melbourne ake aiko su, kuma masu yin su hannun Bature suka auna. Ran da na farko ya iso, ya sa shi, na yi dariya har na zauna a ƙasa. Ni na riƙa dafa ganyen shayi mai kauri ina jiƙa su kwana uku, in bi da man takalmi, in goge, in sake, har sai na ɗora a bayan hannunsa na kasa bambancewa."

"To me ya sa har shida?"

"Mutum launi ɗaya gare shi duk shekara? Da sanyi yana ɗakin ƙanƙara na mahauta da safar hannu, sai ya yi haske. Da zafi yana gonar abokinsa wajen girbin alkama, sai ya dawo kamar gindin tukunya. Wanda ke hannunka na shekarar jinya ne, shi ya fi duka haske."

Minhat ya dubi yatsan. "Amma me yake yi da su?"

"Malam guda, sai an yi maka fassara?" Ta miƙo hannu. "Shi ya yi wa 'yan'uwansa 'yan dabo alkawarin rufe baki. Ni ban yi wa kowa ba. Ba ni shi da hankicin."

Ta ɓoye yatsan robar cikin dunƙulen hannunta na hagu, bakinsa yana sama. Ta cusa silikin a cikinsa kaɗan-kaɗan, a ƙarshe ta danna da babban yatsanta na dama, ya fito sanye da hular robar. Ta buɗe tafukanta biyu. A hankali ta yi, yana gani sarai, amma duk da haka sai da ya nemi hankicin a ƙasa.

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan. Sai kuma shekara biyu da ya yi a gaban madubi kafin ya yarda ya nuna wa kowa."

Ya karɓa ya gwada. Jelar silikin ta leƙo ta gefen yatsansa. Ya sake, robar ta suɓuce ta faɗa cikin kofin shayi.

"Bar shi a nan," in ji ta. "Dama can gidansa ne."

Dariya ta kama shi, daga nan ta juye ta zama wani abu dabam, har ya sa gefen rawaninsa ya share ido. Da ya natsu ya ce, "Yaya, akwai zaton da na riƙe game da shi, wanda bai kamata ba."

"Na sani. Wanda ya zo wanki ba ya laluben rufin akwati da farce. Shi ma ya sani. Na sha ce masa ya nuna maka ka huta, yakan ce alkawari alkawari ne, kuma ƙaninsa mai ilimi ne, wata rana zai gano da kansa."

"Ban gano ba. Ɓarna na yi."

Ta tsamo ɗaya daga cikin biyar ɗin, ta ɗauraye shi, ta juya shi a haske. "Mutanen Perth za su gode maka. Yanzu ya dace da hannunsu."

Da aka kira azahar ya yi alwala a famfon lambu. Bayan salla bai koma gida ba, ya wuce maƙabarta, ya tsaya a kan kabarin yayansa cikin rana. Ya fara da neman gafarar Allah ga kansa, sannan ya roƙa wa Darwis, addu'ar kuwa ta fito ba tare da ta sarƙe ba.

Ya Allah, Ka jiƙan Darwis, Ka yalwata masa makwancinsa, Ka gafarta wa iyayenmu da malamanmu da dukkan waɗanda suka riga mu. Wanda ya karanta wannan kuma, Ka wanke zuciyarsa daga mummunan zato ga bayinKa, Ka kyautata ƙarshensa. Amin.