An Bar Mini Ɗa a Dole Kaina

Motar hukumar En'e ta dawo da 'yan aji bakwai da la'asar, kowane yaro ya diro da guntun rake a hannu ya nufi gidansu. Ina leƙe ta kafar zana har motar ta tashi. Nawa bai diro ba.

Shekarar da aka samu mulkin kai ke nan. Malam Abu, malamin ajinsu, ya ce tun da ƙasa ta zama tamu, ya kamata yaran da za su fita firamare su ga inda ta ƙare da idonsu. Duk shekarar haka ya yi ta yawo da su. Ya kai su Kende sun auna gonar shinkafa da igiya, ya kai su bakin Kwara sun zana kifi a allo. Ban taɓa cewa uffan ba. Wannan karon Dole Kaina ya kai su, ranar kasuwa, su ga dutsen iyaka.

Lauwali ɗan farina ne. A wurinmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta tambayar inda ya shiga, ba ta ko kallonsa in da mutane. Da aka yaye shi, Goggo Batulu, yayar mijina, ta ɗauke shi zuwa ƙauyensu a ƙetaren ruwa, ƙasar Dahome. Can ya tashi har hakimi ya sa aka rubuta shi makaranta, aka maido mana shi nan Bagudo tana kuka tana zagin boko.

Ba a jima ba Malam Abu ya yi sallama a zaure. Na matsa jikin ƙofa ina jin su da mijina Namadi.

"Goggonshi munka gamu da ita kasuwa tana saida banda," in ji Malam. "Ta riƙe hannunshi ta ce ɗanta ne, zai yi kwana biyu wurinta. Babba ce, Namadi. Ina ni ina ja da ita gaban jama'a?"

"To, ba komai, Malam. Ai gida ya tahi."

Ba komai! Ranar Litinin mai jarrabawar shiga makarantar gaba zai zo daga Birnin Kebbi, sau ɗaya yake zuwa a shekara. Kwana biyun Goggo kuwa na san shi. Da shi ta taɓa riƙe yaron tun shuka har girbi.

Ban san lokacin da na ɗaga labule ba.

"Sabuwa, koma ciki," in ji Namadi.

"Ni da Malam nike. Malam, da akuyar makaranta ka kai kasuwa, wata ta ce tata ce, sai ka sakam mata igiya?"

Ya gyara hula. "Haba, uwar gida. Ni ban zaci abin zai dame ki ba. Duk zamanshi a ajina ban taɓa jin kin aiko tambayar karatunshi ba."

Wannan maganar ta fi komai ƙona ni. Wa ke ɗinke masa kakin makaranta in ya yage? Wa ke rage kananzir ɗin ɗakinta ta tura wa fitilarsa ta hannun ƙanwarsa, don kada a ce ita ta ba shi? Malam Abu ɗan Matsinkai ne, nan yankinmu, shi ma ɗan fari ne, uwarsa ma ba ta kiran sunansa. Ya san mene ne wannan shirun. Sauƙi kawai ya nema.

"Ka ɗauko ɗan mutane da sahe, ka maido shi da marece," na ce. "Shi ke nan aikinka, ba ka yi ba."

Da ya tafi na juya kan Namadi na ce gobe ya je ya ɗauko shi. Ya sunkuyar da kai.

"Yaya ce fa. Ita ta goye ni. In je in ce mata mi?"

Da asuba na goya autata Barira, na bi motar 'yan gishiri zuwa Dole Kaina, na shiga kwalekwale na ƙetare. Ba wanda ya tambaye ni takarda. Iyakar da aka kwashi yara don su gani, ni ban ma lura da inda na wuce ta ba.

Na sami yaron a bayan gidan Goggo, bakin murhun banda, yana juya kifi. Idanunsa sun yi ja da hayaƙi. An tuɓe masa kaki an sa masa wata tsohuwar taguwa. Da ya gan ni ya kawar da kai, kamar yadda muka saba. Goggo na zaune a tabarma da mata uku suna feɗe kifi.

"A'a, amarya!" Har yau haka take kirana, da 'ya'yana huɗu. "Lafiya? Wa ya mutu?"

Na durƙusa na gaishe ta yadda ya kamata, na tambayi gida, na tambayi ruwa. Sannan na ce, "Goggo, wanga yaro na da jarrabawa ran Litinin."

"Wane yaro? Yara sun yi yawa gidan nan."

Matan suka kwashe da dariya. Ta san ba zan iya faɗa ba.

"In ya ci jarrabawar mi za a ba shi?" ta ci gaba. "A kwashe shi a kai Sakkwato, ya dawo da wando ɗamamme shina gaida ni a tsaye. Ni na tauna mishi abinci. Ni na kwana da shi lokacin ƙyanda, ke kina can kina kunya. Ga jirgi, ga taru, duk nashi ne. Tashi ki sha hura ki koma ɗakinki."

Gaskiya ta faɗa game da ƙyanda. Wa ya hana ni zuwa lokacin? Ba su Goggon ba ne? Su suka ce in na zo na yi abin kunya. Na bi, na yi shiru shekara da shekaru, yau kuma shirun ya zama hujjar ƙwace shi.

Na miƙe tsaye.

"Lauwali!"

Wuƙar ɗaya daga cikin matan ta faɗi a cikin ƙwarya. Shi kansa ya waigo a firgice, bai taɓa jin sunan a bakina ba.

"Lauwali, aje kihin nan. Ka yi shekara bakwai kana zama a benci, ba za ta tahi a banza ba. In ka rubuta ka ga kamun kihi kake so, ruwa na nan."

"La'ilaha illallahu," in ji Goggo. "Yau na ga marar kunya. Namadi ya san abin da ya aje a gida?"

"Ya sani, Goggo. Shi ya sa bai zo ba."

Na je na kama hannunsa a gabansu. Bai fizge ba, bai kuma taho da sauri ba. Yana tafiya yana waiwayen ta, hawaye na zuba. Na ji haushinsa, na ji tausayinsa, ban saki hannun ba.

Mun shiga kwalekwale, mai fito ya dafa gora zai tura, sai ga Goggo ta gangaro da abu a dunƙule. Ba ta dube ni ba. Mai fiton ta jefa wa kakin, a wanke, bai gama bushewa ba.

"Miƙa ma ɗana," ta ce. "Ka gaya wa waccan kada ta sake taka ƙohwata."

"Na ji," na ce.

Lauwali ya rungume kakin yana shessheƙa. Na ce ya matso tsakiya, ya shimfiɗa rigar a gwiwa ta sha iska kafin mu kai gaɓa.