Iskar da Ba Ta da Wari

Ɗakin gwajin yana can ƙarƙashin dutse, cikin tsohon ramin haƙar ma'adinai. A nan Malama ke aiki, ita da mai kula da injuna da kowa ke kira Dogo. Abin da suke jira wata rugujewa ce da ba a taɓa gani ba: cibiyar ƙwayar zarra ta fitar da elektaron biyu ba tare da ƙanƙanuwar ƙwayar da ake kira niyutirino ko ɗaya ba. In aka gan ta, an kama hanyar sanin nauyin niyutirino. Na'urar awon tana nutse cikin tankin iskar agon da aka mayar ruwa mai tsananin sanyi.

Ran nan da hantsi ƙararrawa ta ɗau ƙara. Agon na tsiyaya, yana komawa iska. Ba shi da wari, ba shi da launi, ƙasa yake kwanciya ya kori iskar shaƙa. Dogo ya ce wa Malama ta tsaya kan matakala, bututun ƙasa ne, yanzu zai ɗaure shi. Ta ce ya ɗauki abin numfashi, ya ce ai ba nisa.

Ya sauka, ya durƙusa. Ta ga sifana ta suɓuce masa, ya kife a hankali, ko tari bai yi ba.

"Dogo. Baba Dogo, tashi mana."

Bai motsa ba. An sha gaya musu cewa a irin wannan, wanda ya bi don ceto, shi ma can yake kwanciya. Ta danna maɓallin kiran agaji, ta fizgo abin numfashi, igiyarsa ta ƙi ɗauruwa. Da ƙyar ta kama.

Ta sauka, ba abin da take ji sai hucinta. Ta damƙi wuyan rigarsa ta ja. Nauyi kamar buhun siminti. Ta ja, ta faɗi, ta tashi, tana kiran sunan Allah, har ta jingina shi a saman matakala. Leɓensa ya yi duhu. Ta kara masa abin a fuska, ta zuba wa ƙirjinsa ido har ya motsa.

A asibiti matarsa ta riƙe hannun Malama gam. Dogo da ya farfaɗo ya ce shi bai ji komai ba, barci ne kawai ya ɗauke shi. Wannan maganar ce ta hana Malama sukuni. Ta daɗe ba ta iya sunkuyawa ɗaukar abu a ƙasa ba, ko a gidanta.