Ɗinkin Seu Valdemiro

Shekara goma sha ɗaya ina gyaran laimar tseren ruwa, wadda iska ke jan mutum da ita a kan teku, a nan Cumbuco ta ƙasar Brazil, kuma na ga ɓarna iri-iri: wadda ƙaya ta yaga, wadda aka shanya a rana har danƙonta ya narke, wadda wani sakaran baƙo ya naɗe da jiƙaƙƙen yashi ya manta. Duk na zazzagi masu su na ji sanyi. A kan ta Cleidiane ce na rasa wanda zan zaga.

Ranar Juma'a da hantsi ta shigo shagona da ita a kafaɗa, idonta jawur. Shara take yi a otal, da yamma ta shiga teku, kuma duk garin nan babu macen da ke tashi sama kamarta. Washegari wakilin wani kamfani zai tsaya a tafkin Cauípe ya zaɓi mutum biyu da za su ɗauki nauyinsu, da yamma ya hau jirgi. Ita kuwa laimarta ɗaya tak, mai mita bakwai, daidai da jikinta da iskar Oktoba.

Ta ce jiya ta ga 'yar yagewa a gaban laimar, wurin da ake hura wa iska, ba ta kai yatsa ba. Ta ajiye za ta kawo mini, ta tafi aiki. Kafin ta dawo babanta ya gyara mata.

Baban nata, Seu Valdemiro, shekararsa hamsin yana kamun kifi, kuma da hannunsa yake ɗinke zanen da iska ke tura kwale-kwalensa da shi. Da ya ga yagewa sai ya ɗauko basilla da zare mai kaki. Bai tsaya nan ba, ya duba ɗinkin kamfani ya ga na ragwaye ne, ya bi shi ya ƙarfafa har kamu biyu. Bai san akwai tif mai riƙe iska a ciki ba, siriri kamar leda. Kowane suka ya shiga ta nan ya fita ta can.

Wallahi ɗinkin ya yi kyau, abin da ya fi ƙona mini rai ke nan.

Na kira dillalai a birnin Fortaleza, suka ce tif mai wannan girma sai Talata. Na bi makarantun koyar da tseren guda huɗu da roƙo, duk ƙananan laimominsu suna hannun baƙi. Wani ya ce akwai mai mita goma sha biyu, wadda ta fi ƙarfin Cleidiane nesa. Na tambaye shi ko gawarta yake so a tsinto a kan bishiyar kwakwa. Faci kuma sai da lafiyayyen wuri yake kamawa, waɗannan hujojin ko ƙwayar shinkafa ba ta shiga tsakaninsu.

Muna zaune sai ga tsohon, da rigarsa ta zuwa coci, da soyayyen kifi a takarda. Mutumin da ya shekara biyu yana kiran abin nan wasan marasa aikin yi.

"Dona Zuleide, kin ga aikin manya? Ku da keken ɗinkinku sai dai ku yi kallo. Gobe da kaina zan je in ga 'yar nan ta ba su kashi."

Cleidiane ta ƙifta mini ido kada in faɗa. Ni da bakina ba ya riƙe magana, na sunkuyar da kai ina ta gyara almakashi.

Ya ce a hura ya gani. Ta ce, "Baba, bari sai anjima, ka gaji." Ya ce shi bai gaji ba, ya jawo famfo da kansa. Laimar ta miƙe, ta yi tsaye, ya juyo yana dariya da giɓinsa. Sai ta fara lanƙwashewa. Ya ce famfon nan nawa ya mutu. Ya sake hurawa har gumi ya jiƙa rigar, ta sake kwanciya.

Na kasa jurewa. Na ɗebo ruwan sabulu na shafa a kan ɗinkin. Kumfa ya taso a jere, kowane suka da nasa.

Ya daɗe yana kallo. Sannan ya tambaye ni a hankali ko idan ya warware zai gyaru. Na ce a'a. Ya ce to gobe fa? Na girgiza kai.

"Ba komai, Baba," in ji Cleidiane. "Wata shekara."

Bai ji ta ba. Ya durƙusa a ƙasa ya ɗora yatsunsa goma a kan hujojin, yana danna su da ƙarfi, iska na fita ta gefensu.

"Hura, 'yar nan," ya ce. "Na riƙe."

Ta kama famfon ta hura.