Sa Hannun Miji

Ana tashi tara sakatariya ta shigo aji uku, ta ajiye mata takardar a kan littattafan yara.

"Matar Tela, ga taki. Jibi ake karɓa, a tabbatar maigida ya sa hannu."

Malamar ta yi murmushi da leɓe a rufe, kamar yadda ta saba tun da haƙorinta na gaba ya gutsure. Takardar shekara-shekara ce: suna, adireshi, yawan 'ya'ya, sai can ƙasa layin da miji zai shaida cewa da yardarsa take aiki. Makarantar ba ta ɗaukar macen da ba ta da aure. Wai iyayen yara ne ba sa so, ko da yake ba a taɓa ganin uban da ya zo ya faɗa ba.

Wata takwas ke nan da Tela ya sake ta, bayan marin da ya tafi da rabin haƙorin. Ba ta gaya wa kowa ba. Ta ga abin da ya sami malamar lissafi bara: aurenta ya mutu Litinin, Alhamis aka ba ta takardar godiya, ta kwashe kayanta daga gidan malamai. Ita kuwa ɗakinta na gidan malaman shi ne rufin asirinta, ita da 'yarta da tsohuwarta mai ciwon ƙafa. Gaba kura, baya siyaki.

"Ki zana masa da kanki mana," in ji tsohuwar da yamma. "Wa zai gane?"

"Inna, shi yake ɗinka kayan makarantar. Sun san hannunsa fiye da nawa."

*

Ta same shi a shago, tef a wuya, yana tsaga yadi. Ya bar ta a tsaye sai da ya gama. Ƙarar almakashin kawai ta sa ta ja da baya, don har yanzu tsoronsa take ji, kuma tana jin haushin kanta a kan haka.

"A'a, yau manya ne a shagonmu? Ba ke kika ce ko a hanya kada na gaishe ki ba?"

"Sa hannu kawai na zo nema."

Ya karɓa, ya karanta a hankali, har da bin layin da yatsa, shi da ya san takardar sarai.

"Nan an rubuta miji. Ni mijinki ne?"

Ya sake tambaya, da ƙarfi, yadda mai gyaran takalmi na ƙofa zai ji.

"Don Allah, baban yarinya."

"Ba wannan na tambaya ba."

Ta tuna ƙafar Inna da matakalar gidan hayar da za su koma in aka sallame ta.

"Mijina ne," ta ce.

Ya yi dariya, ya zaro biro daga bayan kunne, ya rattaba hannu, ya ja doguwar wutsiya a ƙarshe.

"Ranar Asabar ki kawo min wankina a goge. Baɗi ma ai akwai wata takardar, ko?"

*

Shugabar makaranta ta sa tabarau ta duba. Mace ce mai son addu'a a gaban jama'a, ga ofishin cike da malamai.

"Kun gani? Matar Tela ba ta taɓa ba mu matsala ba. Shekara shida, hannu ɗaya." Ta buga hatimi, ta ɗago. "Allah ya bar ku tare, mutu-ka-raba."

Kowa ya juyo yana jiran amsarta. Harshenta ya taɓa kaifin guntun haƙorin.

"Amin," ta ce.

Aka kaɗa ƙararrawa. Ta ɗauki alli ta nufi aji, inda darasin yau a kan allo tun safe yake: faɗin gaskiya.