Goyon Hajiya a Ras Sudr

Awadiyya ta shekara bakwai a Alƙahira ba ta taɓa ganin teku ba. 'Yar Mai Wurno ce ta ƙasar Sudan, jikar Hausawan da suka taso da niyyar Makka suka ya da zango a bakin kogi, zangon ya zame musu gida. Bayan rasuwar mijinta ta biyo ƙanwarta zuwa Masar, ta yi wanki da guga, ta yi raino, daga baya ta koma jinyar tsofaffi a gidajen mutane. A ƙarshen shekarar 2011 aka yi mata hanyar aiki a Zamalek, gidan Alhaji Abdurrahim, mutumin Yawuri da ke aiki a wani ofis a unguwar. Mahaifiyarsa, Hajiya Nana Khadija, ta sami shanyewar ɓarin jiki, ya ɗauko ta daga Najeriya ana yi mata gashin ƙashi. Tsohuwar ba ta jin Larabci sai na salla, shi ya sa suke neman mai jin Hausa.

Jininsu ya haɗu tun makon farko. Hajiya kan yi wa Hausar Awadiyya dariya da rabin bakinta mai motsi, ta ce rabi Hausa rabi addu'a. Amma da sanyi ya yi nisa sai zaman bene ya ishe ta. Ta rage cin abinci, ta daina hira, ta wuni tana kallon bango. Likita ya duba ya ce jikinta da sauƙi, zuciyarta ce ta gaji, a fitar da ita ta sha iskar teku ko na kwana uku ne.

Ranar wata Alhamis a watan Maris suka kama hanya zuwa Ras Sudr, a gaɓar Bahar Maliya, su huɗu: Alhaji yana tuƙi, matarsa Indo a gefensa, Awadiyya da Hajiya a baya, keken marasa lafiya a naɗe a but. Kafin su shiga hanyar da ta bi ta ƙarƙashin mashigin Suwais sojoji suka tsayar da su. Takardar zaman Awadiyya ta ƙare wata biyu da suka wuce. Sojan ya daɗe yana jujjuya fasfonta, sai da Alhaji ya fita ya yi masa magana sannan ya miƙo. Tun daga nan ta ƙudurta a ranta cewa har su koma gida ba za ta yi abin da zai sa wani ya ɗaga ido ya dube ta ba.

Masaukin babba ne, amma kusan wayam. Tun da aka yi juyin juya hali baƙi suka ɗauke ƙafa. Laimomi jere a bakin ruwa, kujeru a kife, ma'aikata ba su fi a ƙirga da yatsu ba.

Washegari da hantsi Alhaji ya shiga mota ya tafi cikin gari sallar Juma'a. Indo ta nufi ɗakin tausa, inda ake shafa wa mata laka a yi musu sirace. Kafin ta shige ta ce, "Awadiyya, ki zaunar da ita ƙarƙashin laima, kada rana ta buge ta. Awa ɗaya zan yi."

Da suka iso laimar sai Hajiya ta ƙura ido. Jiya da yamma ruwan yana lasar ƙafafun kujeru. Yau babu shi. Rairayi ne jiƙaƙƙe shimfiɗe kamar fili, ruwan kuwa can nesa yana ƙyalli kamar bakin faranti.

"Ina ya tafi?" in ji Hajiya.

"Wallahi ban sani ba, Hajiya. Ko janyewa ya yi."

Su biyun 'yan bakin kogi ne. A saninsu in ruwa ya janye sai wata damina.

"Tura ni can, ɗiyata. An ce ruwan gishiri yana tayar da jijiya. In sa wannan matacciyar ƙafa a ciki ko sau ɗaya."

"Hajiya, Anti ta ce mu tsaya a laima."

"Indo ce ta haife ni? Wata huɗu ina kallon bango. An kawo ni teku kuma in zauna ina kallon yashi?"

Idon Hajiya ya ciko. Awadiyya ta waiwaya, ba kowa. Ta rataye jakarta a jikin laima, wayarta na ciki, ta ce a ranta minti goma ne su dawo.

Rairayin da tauri, keken yana tafiya sumul. Suka gangara wani ɗan kwari mai faɗi wanda ruwansa bai kai idon sawu ba, suka haura, suka yi ta tafiya. Ruwan ya fi yadda ta zata nisa. Da suka isa ta waiga, sai ta ga masaukin ya koma kamar akwatin ashana.

Ta durƙusa ta cire wa Hajiya safa, ta riƙa kamfatar ruwa da tafin hannu tana zuba mata a ƙafa. Tsohuwar ta lumshe ido. Can sai baki ya buɗe. Ta shiga ba da labarin Yawuri, yadda suke wanki a bakin Kwara suna 'yan mata, yadda take tsallaka ruwa da ƙwaryar nono a ka zuwa tsibiri ranar kasuwa. Rabon da Awadiyya ta ji ta yi magana mai tsawo haka tun zuwanta gidan. Daɗi ya kama ta, ta zauna a kan dugaduganta tana saurare.

Ruwa ya taɓa tayar keken. Ta ja shi baya kaɗan. Jim kaɗan ya sake cim musu, ta sake ja. A karo na uku ne gabanta ya faɗi, don ba igiya ce ke zuwa ta koma ba. Zuwa yake yi yana zama. Ta miƙe ta juya.

Kwarin nan da suka ratso ya cika. Ruwa ne shuɗi mai faɗin babban titi, yana gudu a gicciye tsakaninsu da tudu. Su kuwa suna kan wani ɗan doron yashi da ke tsukewa a gaban idonta.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un!"

"Mene ne?"

"Ruwan ya dawo, Hajiya. Ta baya ya zagayo mu."

Ta damƙi keken ta juya shi da ƙarfi. Taku uku ya yi ya cije. Yashin da ɗazu yake kamar daɓe ya zama kunu, tayoyin sun nutse. Ta tura, ta ja, ta ɗaga gaba, baya ya ƙara shigewa. Ta saki ta fuskanci tudu tana ɗaga hannuwa biyu.

"Ya nas! Jama'a! Ku taimaka!"

Iska ta kwashe muryar ta yi cikin teku da ita. Babu abin da ya motsa a bakin masaukin. Ta laluba ƙugunta neman waya, ta tuna da jakar da ke lilo a jikin laima. Ba ta iya iyo ba. A garinsu ma iyakarta gwiwa, tun ranar da aka tsamo gawar ɗan maƙwabcinsu daga kogi tana yarinya.

"Tafi ki kira mutane," in ji Hajiya. Muryarta a kwance, amma hannunta mai lafiya ya ƙanƙame ƙarfen keken. "Tafi tun ana iya wucewa."

Awadiyya ta auna nisan da ido. Kafin ta je ta dawo ruwan ya kai wa mai zaune wuya. Wani tunani ya gilma mata: ita a tsaye a tudu, jiƙe sharkaf, 'yan sanda na tambayarta ina tsohuwar da aka ba ta amana. Ta ji kunyar tunanin, amma bai tafi ba.

"Ba inda za ni. Goya ki zan yi."

"Ke kin san nauyina kuwa?"

"Kullum ni ke ɗaga ki wanka. Yalla, Hajiya, riƙe wuyana."

Ta warware laffayarta, ta durƙusa a cikin ruwa ta ba keken baya. Karon farko ɓarin da ya mutu ya zame, suka kusa kifewa tare. Karo na biyu ta saƙalo matacciyar ƙafar da hannu, ta yi bismilla ta yunƙura. Wani abu ya ce ƙas a bayanta, zafi ya ratsa har ƙeya. Ta zagayo da laffayar ta ɗaure a ƙirji, ta ɗaure a ciki, kamar yadda take goyon 'ya'yan mutane.

Suka shiga kwarin. Ruwa ya kai gwiwa, ya kai cinya. Sanyinsa ya fi na bakin gaɓa, kuma yana tura ta gefe kamar mutum. Da ya kai ƙugu sai ta tsaya cak. Duk inda ta duba ruwa ne ke gudu, kanta ya fara juyawa, ta rasa gabas ta rasa yamma.

"Ba zan iya ba, Hajiya. Wallahi jiri nake ji."

"Daina kallon ruwan!" Bakin Hajiya yana daidai kunnenta. "Shi ke ɗibar ki. Ga dabino can, mai tsawon nan. Shi za ki kalla. Kada ki ɗaga ƙafa, ja ta za ki yi a ƙasa. Ki ɗan ba ruwan kafaɗa, kada ki ba shi ƙirji."

Ta kafa wa dabinon ido. Ta ja ƙafar dama, ta ja ta hagu. Hajiya na karanta Ayatul Kursiyyu, kalmomin na fita a karkace, tana kaiwa ƙarshe ta koma farko. Ruwa ya kai ƙirji. Laffayar ta sha ruwa, ƙullin sama ya soma saki, ta ji tsohuwar na sulalewa ƙasa. Hannuwanta biyu na tallafe da cinyoyin Hajiya, ba halin ɗaurewa. Ta sunkuya ta cafki bakin zanen da haƙori.

Sai ƙafarta ta faɗa rami.

Ruwa ya rufe mata fuska. Gishiri ya shiga hanci, ya shiga maƙogwaro. Hannun Hajiya ya shaƙe ta. A cikin duhun nan mai kore ba ta tuna kowa ba, ba ta tuna komai ba, illa dai kada ta buɗe haƙoranta. Ta yi ta shure-shure har yatsunta suka taɓa ƙasa mai tauri, ta tunkuɗa. Kanta ya fito. Hajiya na tari a bayanta, tari mai ƙarfi, kuma tarin nan ne ya gaya mata da sauran rai.

Ta sake neman dabinon, sai ta ga mutum a ƙarƙashinsa yana gudu. Wani dattijo ne mai ban ruwan shukokin masaukin, Ammu Hasan. Ya yar da tiyo ya faɗo ruwa da jallabiyarsa yana ihu da Larabci, ta tsaya inda take, kada ta motsa. Da ya iso ya riƙe damtsenta, ya ja su ta hagu inda ya san akwai tudu a ƙasa. Ruwa ya sauko ƙugu, ya koma gwiwa. Suna taka busasshen yashi ta zube a kan gwiwoyinta. Sai da Ammu Hasan ya ce, "Khalas, ya bitti, shi ke nan 'yata, saki," sannan ta gane har yanzu zanen na bakinta.

Can baya, hannayen keken kaɗai ake hangowa.

Indo ta fito da gudu, da sauran laka a goshinta, tana salati. Aka naɗe Hajiya da tawul. Ana cikin haka motar Alhaji ta shigo. Ya dubi uwarsa, ya dubi teku, ya juyo kan Awadiyya.

"Wa ya ce ki kai ta can? Kashe min ita za ki yi?"

Manajan masaukin ya matso yana cewa ma'alish, a yi haƙuri, amma abu irin wannan sai an kira 'yan sanda an rubuta. Awadiyya ta ji sanyin da ya fi na ruwan.

"Baban Ummi." Haka Hajiya ke kiran ɗanta. Haƙoranta na kaɗawa, amma kowa ya ji ta. "Ni na sa ta. Ta hana ni na ƙi. Na ce ta bar ni ta tafi, ta ƙi. In za a rubuta, ni za a rubuta."

Alhaji ya ja manajan gefe, suka yi magana, ba a kira kowa ba. Kafin la'asar sun haɗa kaya sun kamo hanyar Alƙahira.

Tsoron bai ƙare a nan ba. Washegari Hajiya ta tashi da zazzaɓi da tari, likita ya ce ruwa ya taɓa huhu, aka kwantar da ita a wani asibiti a Ma'adi. Kwana uku Awadiyya na kan kujerar roba a gefen gado, tana ƙirga numfashin tsohuwar, duk wanda ya turo ƙofa sai ta zabura. Alhaji na shigowa ya fita bai dube ta ba. A rana ta huɗu zazzaɓin ya sauka, Hajiya ta buɗe ido ta ce kunun gyaɗa take so.

Sai da aka yi mako da sallamar su sannan Alhaji ya tsaya a ƙofar kicin, ya yi gyaran murya. Ya ce ya yi magana cikin fushi, ta yi haƙuri. Ya ce kuma ta kawo fasfonta gobe a je a gyara takardar.

Bayanta kuwa bai koma daidai ba. In ta sunkuya sai ta dafa bango kafin ta miƙe, tana ɓoyewa kada a ce ba za ta iya aikin ba. Wata safiya bayan wanka Hajiya ta kama ta tana cije leɓe.

"Miƙo min man zafin can. Zauna nan, juya."

"Haba Hajiya, ni ce zan shafa miki."

"Juya, na ce."

Awadiyya ta zauna a bakin gado ta ɗaga rigarta. Tsohuwar ta lakato man da hannunta ɗaya mai aiki, ta shiga murza mata ƙugu a hankali, tana tambaya ko nan ne, ko ƙasa kaɗan.