Tayi Na Uku

Fintan Gilhooly ya ajiye sunansa a bakin titi kafin ya ƙwanƙwasa ƙofar. Daga nan zuwa cikin gidan shi Frank Gill ne, ma'aikaci a masana'antar motoci ta Coventry a Ingila, wanda ko a mafarki bai taɓa taka Ireland ba. A tagar gidan an jingina kwali mai cewa akwai ɗakin haya, a ƙasa kuma an ƙara da kyakkyawan rubutu: ban da 'yan Ireland. Ya saba da wannan. A unguwar kaf, layin farko ba ya zuwa sai da na biyu, kamar tare ake sayar da su.

Da shi kaɗai ne da bai damu ba, don ya iya barcin karɓa-karɓa a gadon 'yan aiki. Amma matarsa Nuala tana tafe ranar Asabar da tsohon ciki, kuma ya riga ya cika mata baki cewa ɗaki na nan yana jiranta.

Ya kuwa yi shiri. Makonni ya kwashe yana kwaikwayon maganar shugabansu na wurin aiki, baki a tsuke kamar mai tsoron ƙuda ya faɗa ciki. Carbinsa na 'yan Katolika ma ya cire daga aljihu ya cusa a safa.

Mai gidan, Madam Whitlow, doguwa ce busasshiya, mijinta ya daɗe da rasuwa. Ta nuna masa ɗakin, sannan ta zaunar da shi a falo ƙarƙashin hoton sarauniya.

"Daga ina kake, Mista Gill?"

"Can arewa, Madam." Bai yi ƙarya sosai ba. Gundumarsu Leitrim arewa take, sai dai a ɗaya tsibirin, wato Ireland.

"Ka dai ga kwalin taga. Ba ƙiyayya ba ce fa. Mutanen nan ne, ka ba ɗaya ɗaki, gobe ka tarar da ƙannensa shida a ƙarƙashin gado. Ga sha, ga waƙa, ga haihuwa kamar an sa musu gasa."

"Ai kam, Madam. Ba su da tsari ko kaɗan." Ya ji kunyar kansa har cikin ƙashi, amma ya tuna cikin Nuala ya haɗiye.

"Za ka sha shayi?"

To, a Leitrim duk wanda ya karɓi tayi tun na farko, har jikokinsa sai an yi musu gorin haɗama. Fintan ya gyara suna, ya gyara harshe, amma wannan bai gyara ba, don bai ma san yana ɗauke da shi ba.

"A'a, na gode, kada ki wahalar da kanki."

"Haba, ɗan kaɗan mana."

"Na ƙoshi, yanzun nan na sha."

"Kai dai sha. Butar ma tana kan wuta, ai sai ka sha."

"To, tunda an riga an ɗora."

Sai da kofi ya zo hannunsa abin ya faɗo masa. Ɗan Ingila sau ɗaya yake tayi. Fintan ya koyi haka tun makon zuwansa, ranar da ya ce a'a a gidan shugabansu, ya zauna da busasshen maƙogwaro yana kallon mutane suna kurɓa. Matar nan kuwa sau uku ta yi, shi ya ƙi sau biyu, babu wanda ya saɓa taku. Ga shayin baƙi ƙirin irin na gida, ga burodi a faranti an tsaga masa gicciye a ka yadda ake yi a Ireland. Ya ɗaga ido. Ita ma ta gane, don fuskarta ta yi fari fat.

"Wace gunduma?" ya tambaya da muryarsa ta gaske.

"Sligo." Kalmar ta kuɓuce mata kafin ta tare ta.

Fintan ya bushe da dariya, daɗi ya cika shi. "Ashe ma maƙwabta ne! Ni ɗan Leitrim ne, Gilhooly sunana. Kai, baba, kin ba ni tsoro!" Nan ya zazzage mata komai: Nuala, ciki, Asabar. Ita kuma ta tambaye shi ko har yanzu ana cin kasuwar shanu a Collooney, harshenta ya kwance, idonta ya kawo ruwa. A ransa har ya fara tunanin inda zai sa gadon jariri.

Can ta ajiye kofinta.

"Shekara talatin a titin nan, ba wanda ya sani. Mijina ya sani, ya tafi kabari da shi. Ɗana yana aiki a banki. Kai ka iya tsuke baki, matarka fa? A haihu, fadan cocin Katolika ya zo, dangi su cika ƙofa. Ni kaina, ka ji yadda bakina ya koma na gida daga kofi ɗaya? Bangon nan ba shi da kauri."

"Baba, ba wanda zai ji daga gare mu."

"An kama ɗakin, Mista Gill."

"Wa ya kama?"

"An kama."

Ya miƙe ransa a ɓace. Yana kan matakalar waje sai ga ta ta biyo shi da rabin burodin a naɗe cikin takarda.

"Ungo, ka ajiye wa matarka."

Zuciyarsa ta ɗan yi sanyi. Wadda ta biyo mutum da burodi, ai ba ta gama rufe magana ba.

"A'a, bar shi, kada ki rage wa kanki," in ji shi, ya tsaya yana jiran na biyu, hannunsa har ya fara ɗagowa.

Madam Whitlow ta kalli gidan da ke tsallaken titi, inda labule ya ɗan motsa.

"Yadda ka so," ta ce, baki a tsuke. Ta koma da burodinta, ta rufe ƙofa.